Daren Da Iska Ta Yaye Ɗakin Inna

Yau ba sanarwar taro na zo da ita ba. Labarin gidanmu ne, kuma da 'yar kunya nake ba da shi. Ni nake riƙe da littafin da muke rubuta gidajen da iska ta yi wa ɓarna duk shekara, sai ga shi bana gidanmu ne ya buɗe shafin.

Ƙarshen watan Afrilu ne, bayan sallar isha'i. Duk mazaunin Diko ya san yadda ruwan farko yake zuwa: a yi kwanaki ana zabga zafi, hadari ya haɗo daga gabas, ƙura ta turnuƙe, iska ta riga ruwa isowa. Ina ɗaki na ji ƙara kamar an jefo ganga daga kan mota. Na fito da tocila na haska saman ɗakin Inna, sai na ga gefen gabas babu rufi. Kwano shida sun tafi har da katakonsu. Na same ta zaune bakin gado tana salati. Muka fito da ita, ba a yi minti goma ba silin ya jiƙe ya rufto kan gadon. Da safe muka tsinci kwanon a tsakar gidan maƙwabcinmu, taku kaɗan daga inda yaransa suke shimfiɗa tabarma lokacin zafi. Allah ne kawai ya tsare.

Marigayi Baba ne ya yi rufin nan a 1987. Birkila ne, yana cikin mutanen yankin nan da suka yi aikin gini a Abuja kafin gwamnati ta taso daga Legas a watan Disamba na 1991. Da kuɗin wannan aikin ya riƙa sayen kwano bandir-bandir har ya rufe gidan. Kwanon da ne mai kauri, shi ya sa muka ɗauka ba zai taɓa gajiya ba.

Amma rufin ya daɗe yana yi mana magana. Shekara huɗu ke nan ɗakin yana yoyo. Muka fara da tara roba, muka koma liƙa kwalta. Da wani gefe ya fara kaɗawa, na sa yara suka ɗora tsofaffin tayoyi biyu da bulo. Kowace damina ina cewa sai rani, rani ya zo wata hidimar ta cinye kuɗin.

Washegari na kira wani dattijon kafinta da ya san Baba. Ya hau ya duba, sannan ya leƙo ya ce, "Sakatare, hawo ka gani da idonka, kada ka ce na ƙara gishiri." Na hau. Ya danna babban yatsansa a jikin rafta, yatsan ya nutse kamar cikin burodi. Gara ta cinye cikin, ɓawo kawai ya rage. Ya nuna mini ramukan ƙusa, tsatsa ta buɗa kowanne har kan ƙusar yana iya wucewa. Ya ce kwano ƙarfe ne da aka shafe da tutiya don kada ya yi tsatsa, kuma wurin da ƙusa ta huda shi ne yake fara lalacewa, ta nan ruwa yake bi ya ruɓar da katako. Daga ƙarshe ya jawo langalangar da ta ɗaure katakon rufi da bango, ta katse a hannunsa.

Abin da ya koya mini a saman nan ban taɓa tunaninsa ba. Iska ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take yi. Tana shiga ta ƙarƙashin baki da kusurwa ta tura sama, wadda take wucewa ta bisa kuma tana zuƙo kwanon. In aka bar ƙofa ko taga a buɗe ta ɓangaren da take bugowa, sai ta cika ɗakin ta ƙara turawa daga ciki. Abu uku ke riƙe rufi: ƙusa ta riƙe kwano a jikin katako, katako ya kama rafta, langalanga ta ɗaure rafta da bango. In ɗaya ya saki, sauran ba su da ta cewa. Game da tayoyina da bulo kuwa cewa ya yi, "Wannan ba gyara ba ne. In iska ta yi da gaske, da bulon za ta tafi, a kan wani zai sauka."

Daga nan sai rigimar cikin gida. Yayana da ke Kaduna ya bugo waya ya ce a cire rufin gidan gaba ɗaya a sa dogon kwanon alminiyam, ko irin mai tsakuwa da muke gani a sababbin unguwannin Abuja. Na ce, "Yaya, da wane kuɗin?" Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kowa ya san yadda kayan gini da kuɗin mota suka tashi. Ni kuma so nake a mayar da kwano shidan nan kawai a wuce wurin. Inna ta saurare mu duka, ta ce, "Ku yi yadda kuka ga dama, amma kwanon mahaifinku ba za a kai wa 'yan gwangwan ba."

Kafintan ne ya raba gardamar. Ya ce buga sabon kwano a kan ruɓaɓɓen katako zubar da kuɗi ne, sauya rufin gida duka kuma ba dole ba ne. Aka kware ɗakin Inna baki ɗaya. Aka sa sabon katako bayan an shafe shi da baƙin mai saboda gara, aka ɗaure kowace rafta da sabuwar langalanga. Na je Suleja na sayo bandir ɗaya, kwano ashirin ke nan, da ƙusa mai hula. Na lura a kan tudun kwano yake buga ƙusa, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba, kuma ya ƙara yawanta a baki da kusurwoyi. Tsohon silin na asbesto ne, wanda ƙurarsa take jawo cutar huhu har da daji, shi ya sa Ingila ta haramta shi gaba ɗaya a 1999. Sai da muka yayyafa masa ruwa muka rufe hanci kafin mu kwashe, muka kuma kori yara daga wurin. Kwanon Baba aka tantance, masu sauran ƙarfi aka rufa madafa da su. Da Inna ta gani ba ta ce komai ba, amma ranar a can ta yini.

Aikin ya cinye kuɗin makarantar yarana na zango na uku, sai da na je na roƙi alfarmar a ɗaga mini ƙafa. Da nake sallamar kafintan na tambaye shi nawa zan kashe da na kira shi a watan Fabrairu. Ya yi dariya ya ce a shekarar da yoyon ya fara, ƙusa da langalanga da aikin yini biyu sun isa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shi ya sa nake da shawara. Duk shekara muna tara gudummawa bayan ɓarna ta auku, kuma abin da muke tarawa ba ya rufa ko ɗaki ɗaya. Me zai hana mu ware rana ɗaya a cikin rani, kafin watan Maris, mu ɗauki kafintoci biyu cikin 'yan uwanmu mu zaga gidajen tsofaffi da na matan da mazansu suka rasu? A duba katako, a duba ramukan ƙusa, a duba ɗaurin bango, a sare reshen da ya rankwafo kan ɗaki, a sauke duk dutsen da aka ɗora. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zan kawo maganar a zama mai zuwa in Allah ya kai mu. Kafin nan, duk wanda yake da roba a ƙarƙashin yoyo a ɗakin mahaifiyarsa, don Allah ya nemi tsani a wannan makon.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da iyalanmu. Amin.

Sakataren Ƙungiya