Mu faɗa musu tun suna raye

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hirar majalisa ta koma lissafin abin da ya fi ƙarfinmu: kuɗin mota, kwanon masara, kuɗin makarantar yara. Duk gaskiya ne. Amma zuciyar da ta wuni tana ƙirga rashi, da shi take kwana, da shi take tashi.

Mu mutane ne masu yawan hamdala. Tambayi kowa yaya aiki, zai ce da godiya. Sai dai sau da yawa baki ne ya amsa, hankali yana can wurin bashin da ake bin sa. Abin da nake ganin ya yi mana ƙaranci shi ne mutum ya tsaya ya ambaci alherin da ya same shi ɗaya bayan ɗaya, da wanda ya zo ta hannunsa.

Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wannan. A 2003, Robert Emmons da Michael McCullough a Amurka sun sa wasu ɗalibai su riƙa rubuta abubuwa biyar da suke godiya a kansu kowane mako, wasu kuma su rubuta abubuwan da suka ɓata musu rai. Bayan mako goma, masu rubuta godiya sun fi jin daɗin rayuwarsu, sun fi kyautata zaton gobe, kuma koken ciwon jiki ya fi ƙaranci a wurinsu. A 2005, Martin Seligman da abokan aikinsa suka sa mutane su rubuta wasiƙar godiya ga wanda ya taɓa yi musu alheri ba su gode masa yadda ya kamata ba, su kai masa da ƙafarsu. Farin cikin da ya biyo baya sai da ya kai wata guda.

Nan ne abin ya taɓa ni, domin nan muke da rauni. Kunya da kara sun hana mu buɗe baki. Gwaggon da ta riƙe ka shekara da shekaru don ka yi karatu a birni, malamin allon da ya yi haƙuri da taurin kanka, maƙwabciyar da ta kwana da 'ya'yanki ranar da naƙuda ta kama ki: yaushe muka zauna gabansu muka ce, abu kaza da kika yi mini ban manta ba? Sai an shimfiɗa tabarmar ta'aziyya muke jero halayensu na kirki, a lokacin da kunnen da ya kamata ya ji yana ƙarƙashin ƙasa. Alhali addini ya koya mana cewa gode wa mutane yana cikin gode wa Allah. Ba sai da wasiƙa ba. Kiran waya ya isa, zuwa gaisuwa ya fi.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada mu mai da godiya sandar dukan mai rauni. Wanda ya yi makonni ba barci, ba ya jin daɗin abinci, ya janye daga mutane, kada a ce masa ya cika butulci, ga wasu can sun fi shi wahala. Ciwon damuwa cuta ce, kuma binciken da aka tattara daga baya ya nuna tasirin rubuta godiya a kanta kaɗan ne. A zauna a saurare shi, sannan a raka shi wurin likitan ƙwaƙwalwa.