Tafiyar sojojin waje: zancen cikin taksi

Aiki yakan kai ni Malbaza da Illela ta Adar kusan kowane mako daga Birnin Ƙonni, kuma da yake ba ni da motar kaina, taksin tasha nake shiga kamar kowa. Wasu daga cikin direbobin wannan hanya baƙi ne. Akwai Gobirawan Najeriya da Zamfarawa, akwai kuma wani dattijo ɗan Mali. A bakin waɗannan bayin Allah na ji zancen ficewar sojojin waje daga ƙasarmu da wani irin nauyi wanda ban ji shi a rediyo ba.

Kowa ya san yadda abin ya gudana. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, hukuma ta ce wa Faransa ta kwashe sojojinta, su kimanin 1,500. Ayarin farko ya kama hanyar Cadi cikin watan Oktoba, na ƙarshensu kuma suka tashi daga Yamai ranar 22 ga Disamba. Amurkawa suka bi baya, suka miƙa sansaninsu na Agadas ranar 5 ga Agusta 2024. Mu ma'aikata mun sha muhawara a kai, muna zaune ƙarƙashin fanka.

Dattijon nan ɗan Mali mutumin Ansongo ne. Ya ce da idonsa ya ga zuwan Faransawa a 2013, lokacin da jama'a ke yi musu tafi a bakin hanya, kuma yana can suka bar Gao a Agusta 2022. Na tambaye shi wane lokaci ya fi. Sai ya yi shiru har muka wuce Tsarnawa, sa'an nan ya ce: "Mushe, suna nan aka kore mana shanu, sun tafi aka kore sauran." Ba ya kewarsu ko kaɗan. Abin da ya fi tunawa shi ne yadda ayarinsu yakan sa direba ya sauka gefen hanya da fasinjojinsa cikin rana, sai ƙura ta lafa. Mu ma ba mu manta da Tera ba, inda aka rasa rayuka a Nuwamba 2021 sa'ad da matasa suka tare wani ayarin.

Shi kuwa Bagobirin, daga ƙasar Sabon Birni ya fito, kuma maganarsa ta fi tsaya mini a rai. Ya ce su can ba su da sansanin Bature ko ɗaya. Sojojinsu ne ma suka je Laberiya da Saliyo suka kashe wutar gidan wasu. Duk da haka ƴan bindiga suka aza wa ƙauyensu kuɗi kafin a bar su su yi girbi, har ya gaji ya kwashe iyalinsa ya tsallako. A wurinsa, kasancewar sojan gida ne ke tsaro bai isa ya sa mutum barci ba, sai in sojan nan yana isowa kafin a gama ɓarna.

Na lura su duka biyun ma'auninsu ɗaya ne: ƙarfe nawa direba zai iya tashi ya sauke fasinja lafiya? Da shi suke auna gwamnati, da shi suke auna baƙo. Shi ya sa in ka ce musu 2023, ba tafiyar Faransawa ke fara zo musu ba, rufe iyaka ne. Daga Agusta na wannan shekara har Maris 2024 an datse tsakanin Ƙonni da Illela ta Najeriya, an yanke wutar da ke zo mana daga can, mai albasar Galmi ya rasa inda zai kai kayansa, direba ya koma bin hanyoyin daji. Ƴan kasuwa, ku kun fi ni sanin abin da watannin nan suka ci.

Ni dai ra'ayina shi ne tafiyar ta dace. Suna nan da jiragensu aka kashe mana sojoji 71 a Inates cikin Disamba 2019, aka kuma hallaka fararen hula 137 a yankin Tiliya, a nan jiharmu ta Tawa, cikin Maris 2021. To amma tun da nake sauraron direbobin nan, tafin da ake yi a taro ya daina isata. Baƙo ya tafi, kuma ya tafi da uzurin da muke fakewa da shi. Ga Lakurawa can wajen Tangaza da Gudu, ba nisa da iyakarmu, kuma su ba sa tsayawa a duwan su nuna takarda.

Bagobirin nan har yau ba ya lodi bayan magariba, ko da an ninka masa kuɗin mota. Na taɓa ce masa ai nan ba Sabon Birni ba ce. Ya ce: "Haka ne, Mushe. Can ma da ba haka take ba."