Mariƙi Ɗaya, Baki Goma

Sukuddireba mai canjin baki tana cikin kayan aikin da nake ganin girmansu. Da ita nake ɗaure soket, in kwance fanka, in ƙarfafa ƙofar da ta saki, ba sai na nemi kowa ba.

Hikimarta tana gindin bakunan. Kowane baki gindinsa mai kusurwa shida ne, kaurinsa kwatan inci, wato milimita 6.35. Kusurwoyin ke hana shi zamewa idan an murɗa, ɗan maganaɗisu kuma ya riƙe shi kada ya faɗo. Da yake masana'antu sun amince da ma'auni guda, bakin da aka ƙera a Sin yakan zauna daram a mariƙin Jamus. Rauninta shi ne kaurin wuya, wanda ke hana ta shiga rami mai zurfi da ƙunci.

A kan kusoshi kuwa babu wannan jituwa. Bayan mai tsaga ɗaya, mai gicciye ta Phillips ta bazu a shekarun 1930, Torx mai tsini shida ta biyo a 1967. Daga baya Apple ya rufe iPhone da kusa mai tsini biyar, wadda bakinta ya yi wuyar samu a farko. Masu gyaran waya a Farm Centre ta Kano sai da suka nemo shi kafin su ci abinci.

A ganina, abin da mutum ya saya da guminsa, haƙƙinsa ne ya iya buɗe shi ya gyara.