Daga Ƙofar Mata Zuwa Décines: Yadda Na Zama Ɗan Lyon

Duk lokacin da muka haɗu a taron ƙungiya, da zarar an gama ƙorafin takardar izinin zama da tsadar ɗakin haya, maganar da ke biyo baya ita ce ta ƙwallo. Wannan ya ce shi Arsenal, wancan ya ce Chelsea, 'yan'uwanmu na Nijar kuwa rabi Barcelona rabi Madrid. Idan aka zo kaina na ce Lyon, sai a kwashe da dariya, har wani ya tambaye ni ko rashin abin yi ne ya kai ni. To tunda an ba ni fili a wannan mujalla, bari in kare kaina, mai karatu ya yi alƙalanci.

Ni dai ɗan Pillars ne tun asali. Kawuna ne ya fara riƙe hannuna ya shiga da ni filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, a 2009, shekarar da Masu Gida suka fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, suka kai har wasan kusa da na ƙarshe. Ban iya tuna ko wa ya ci ƙwallo ranar. Abin da ya zauna mini shi ne ganguna, da ƙurar da ke tashi, da masu tallar rake da gurasa, da wani bawan Allah da ban taɓa gani ba wanda ya ɗaga ni sama da aka zura ƙwallo, sai ka ce ɗan cikinsa. Tun daga ranar na san kallon fili daban yake da na gidan kallo, inda za ka biya kuɗi ka zauna a benci kana addu'ar kada man janareta ya ƙare.

Shekarata ta farko a Faransa a Paris na yi ta, ina koyon harshe. Lokacin Messi da Neymar da Mbappé duk suna PSG, don haka na yi ta tsimi har na sayi tikiti ɗaya na shiga Parc des Princes. Filin yana da tarihi a wurinmu: a nan Victor Ikpeba ya ci Bulgeriya a gasar cin kofin duniya ta 1998, a nan kuma Jay-Jay Okocha ya yi ta wasa da hankalin 'yan baya daga 1998 zuwa 2002. Na ga gwanaye, ba musu. Amma a ɓangaren da kuɗina ya iya kai ni, yawancin waɗanda ke kewaye da ni baƙi ne 'yan yawon buɗe ido, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar Messi, babu ruwansa da wa ya ci wa ya sha kashi. Can bayan raga, a ɓangaren Auteuil, ana ta waƙa ba ƙaƙƙautawa, mu kuwa muna zaune kamar a silima. Na fito na yaba, amma zuciyata ba ta kama ba.

A watan Satumba na 2023 na hau jirgin ƙasa mai sauri, awa biyu na sauka a Lyon domin fara digiri na biyu. Maƙwabcina a gidan da na kama wani dattijo ne, tsohon direban bas da ya yi ritaya, wanda ya shafe shekaru yana riƙe da katin shiga fili na shekara. Kwana biyu da sanina ya ce jikansa ba zai samu zuwa ba, ko zan raka shi. Wasan kuwa da PSG ne, ranar 3 ga wata. Kafin a tafi hutun rabin lokaci an zuba wa Lyon huɗu, aka tashi 4 da 1. Abin da ya faru bayan an busa tashi shi ya kama ni. 'Yan wasan suka je suka jeru a gaban ɓangaren arewa, hannu a baya kamar ɗaliban da suka makara, jagoran magoya baya ya ɗauki lasifika ya yi musu faɗa a bainar jama'a, cewa rigar da ke jikinsu manyan mutane sun sa ta kafin su, ba su da ikon zubar mata da mutunci. Attajiran samari, wasu albashinsu na wata ya fi abin da zan samu a shekara goma, suka yi tsit suna saurare. Na ce a raina, nan akwai masu gida.

Filin da Lyon ke wasa yanzu yana Décines, a gabashin gari, ana kiran sa Groupama Stadium, yana ɗaukar mutum kusan 59,000. An buɗe shi ranar 9 ga Janairu 2016, Lyon ta ci Troyes 4 da 1, Alexandre Lacazette ne ya fara zura ƙwallo a cikinsa. Zuwa can tafiya ce: jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa La Soie, sannan tarago ya kwashe ku a cunkushe kamar motar kasuwar ƙauye. Da ka sauka ƙamshin tsiran nan na Larabawa da suke kira merguez zai tare ka, ana gasa shi da albasa ana cusawa cikin burodi. A ciki, bayan raga ta arewa, Bad Gones ne, ƙungiyar magoya baya da aka kafa tun 1987; a kudu kuma Lyon 1950. Ba sa zama. Daga farko har ƙarshe a tsaye suke, mai ganga na bugu, jagora ya juya wa wasan baya yana ba da waƙa. Akwai lokacin da arewa ke jefa kira kudu ta amsa, sautin ya ratsa ta kanka, har ka ji kujerar da kake kai tana rawa. A watan Disamba kuwa sanyi ne zai hana ka zama ko da ka so.

Waccan kakar ta 2023 zuwa 2024 ita ce ta ɗaure ni. Aka kori Laurent Blanc, aka kawo Fabio Grosso, shi ma bai yi ƙarko ba. Bayan wasa 12 Lyon na da maki 7 kacal, tana can ƙarshen teburi. Ni da na ga Pillars ta faɗa rukuni na biyu a 2022, na san warin abin tun daga nesa. Sai aka miƙa ƙungiyar ga Pierre Sage, mutumin da ke kula da makarantar horar da yara, wanda bai taɓa riƙe babbar ƙungiya ba. Ranar 10 ga Disamba Lacazette ya ci Toulouse uku shi kaɗai, nasarar farko a gida ke nan a kakar. Daga nan abu ya juya.

Wasan da ba zan manta ba shi ne na Brest, daren Lahadi 14 ga Afrilu 2024, kwana huɗu bayan ƙaramar Sallah, da sauran ɗinkin Sallah a jikina ƙarƙashin rigar sanyi. Lyon ta fara ci ta ƙafar Tolisso. Bayan hutu, cikin abin da bai kai minti goma ba, Brest ta zuba uku. Wasu suka fara neman hanyar fita don su riga cunkoson tarago. Dattijon nan ya dafa gwiwata ya ce, “Zauna, yaro, ba a gama ba.” Lacazette ya rama ɗaya, Tagliafico ya farke, 3 da 3. Aka shiga ƙarin lokaci, abu ya ƙi ƙarewa, mai tsaron gidan Brest ya yi karo da Lacazette har sai da aka fitar da shi. Alƙalin wasa ya je ya duba na'ura, ya dawo ya nuna fenariti. Minti 16 da shiga ƙarin lokaci Maitland-Niles ya ajiye ƙwallo. Wallahi filin nan mai dubban mutane ya yi shiru har ina jin bugun zuciyata. Da ta shiga, ban san lokacin da na tsinci kaina layi biyu a ƙasa ba, wata mata mai furfura ta rungume ni tana kuka, hulata ta ɓace har yau. A ƙarshen kaka Lyon ta ƙare ta shida, ta kuma kai wasan ƙarshe na kofin Faransa, inda PSG ta doke ta 2 da 1.

Sai dai akwai abin da ba zan ɓoye wa 'yan'uwa ba, domin shi ne ainihin abin da masu yi mini dariya ke nufi idan an bar raha. Cikin magoya bayan Lyon akwai wani gungu da ya yi ƙaurin suna wajen ƙyamar baƙi da baƙar fata. Ranar 29 ga Oktoba 2023, a Marseille, aka jefi motar 'yan wasan Lyon da duwatsu har Grosso ya ji ciwo a fuska, aka fasa wasan. A daren kuma aka ɗauki hoton wasu daga cikin magoya bayan Lyon suna gaisuwar 'yan Nazi suna kwaikwayon kukan biri. Kulob ɗin ya yi tir da su, masu gabatar da ƙara suka buɗe bincike. Na kalli wannan hoto a ɗakina, gyalen ƙungiyar na rataye a jikin ƙofa, na rasa inda zan sa kaina. Sati biyu ban taɓa gyalen ba. Abin da ya mayar da ni fili shi ne tunanin su wa suka gina sunan da waɗannan ke taƙama da shi. Kofunan nan bakwai da Lyon ta ɗauka a jere daga 2002 zuwa 2008, da gumin Mahamadou Diarra ɗan Mali da Michael Essien ɗan Gana da Sidney Govou aka ɗauke su. Kyaftin ɗin da ya ceto su a 2024 baƙi ne wuluk kamata. Idan ni na ƙaurace, na bar musu kujerar ke nan. Amma ba na shiga tsakiyar bayan raga, kuma idan an tashi dare na kan bi ayari har tasha. Duk wanda zai je, ina ba shi wannan shawarar.

Maganar su Essien ta kai ni Gerland, tsohon filin da ke cikin gari, wanda Tony Garnier ya zana, yanzu 'yan wasan zari-ruga ke amfani da shi. A wurin dattijon, Décines gidan haya ne, Gerland ne gida. A can Lyon ta ci Lens 3 da 1 a ranar ƙarshe ta kakar 2002 ta ɗauki kofinta na farko. A can Real Madrid ta sha 3 da nema a 2005. A can Juninho ɗan Brazil ya mayar da bugun tazara kamar fenariti: ƙwallo 100 ya ci wa Lyon, 44 daga ciki da irin wannan bugu. Dattijon ya ce da zarar an yi wa ɗan Lyon ƙeta a kusa da da'ira, sai mutane su miƙe su fara murna tun ba a buga ba. A can ne kuma, ranar 26 ga Yuni 2003, Marc-Vivien Foé ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar fili ana wasan Kamaru da Kolambiya, bai sake tashi ba. Yana cikin waɗanda suka ɗauki kofin 2002 da Lyon. Shekarunsa 28, wato kamar nawa yanzu. Ranar da muka je, dattijon ya nuna mini daidai wurin daga nesa, ya cire hularsa, muka yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ja ni shan kofi.

Baƙin ciki na ƙwallo zalla kuwa, na sha shi a Afrilun 2025. Mun yi 2 da 2 da Manchester United a gida, Cherki ya farke ana dab da tashi. Zagaye na biyu a wani shagon shayi na Guillotière na kalle shi, tsakiyar 'yan Najeriya 'yan United. Lyon na da mutum goma ta shiga gaba 4 da 2 a ƙarin lokaci, na miƙe ina zaga tebur ina raba musu gaisuwar ta'aziyya. Cikin 'yan mintoci Bruno da Mainoo da Maguire suka mayar da shi 5 da 4. Har yau akwai wanda in ya kira ni a waya ba ya sallama, sai dai ya ce “Maguire” ya kashe.

Bayan wata biyu sai ga wanda ya fi wannan. Ranar 24 ga Yuni 2025 hukumar da ke binciken kuɗin ƙungiyoyin Faransa ta yanke hukuncin mayar da Lyon rukuni na biyu saboda bashi, ba don an ci ta a fili ba. John Textor, Ba'amurken da ya sayi kulob ɗin daga hannun Jean-Michel Aulas, ya sauka, Michele Kang ta karɓi shugabanci, aka ɗaukaka ƙara. Kwana goma sha biyar garin na jira. Ina ɗakin karatu ina fama da babi na uku na kundin bincikena ranar 9 ga Yuli, wayata ta yi ƙara: an soke hukuncin, Lyon ta tsira. Dattijon ne, muryarsa na rawa, yana cewa in biyo ta gidan burodi in sayo kek, shi ya riga ya ɗora ruwan zafi.