Rigar Da Aka Ɗinka Wa Wani

Tun da muka ji cewa a Amurka akwai amfilifayar jita da ake saye a kan dala 100,000, kuɗin da ya haura naira miliyan 100 a canjin yanzu, maganar ta ƙi fita daga ranmu. Akwati ne fa da mutum ɗaya zai iya ɗauka, aikinsa kawai ya ƙara wa jitar lantarki murya. Da kuɗinsa sai a gina gida a sa mota a ƙofa. To me ke cikinsa?

Wanda ya ƙera ta sunansa Howard Alexander Dumble, mutumin Kalifoniya, ya mutu a watan Janairun 2022. A tsawon rayuwarsa amfilifaya wajen 300 kawai ya haɗa, kowacce da hannunsa. Ba a shiga kanti a saya. Sai ka neme shi, in ya ga dama ya karɓi aikinka, in bai ga dama ba ko nawa gare ka sai dai ka yi haƙuri. Wanda aka karɓi nasa ma yakan yi shekaru yana jira. Manyan makaɗa irin su Robben Ford da Larry Carlton da Carlos Santana da John Mayer duk sun yi amfani da kayansa, kuma in ka ji wane ba banza ba. Idan ya gama haɗawa, yakan zuba wani danƙo mai daskarewa kamar dutse a kan wasu sassan ciki, don kada wani ya buɗe ya kwaikwayi aikin. Akwai takwaransa a jihar New Jersey, Ken Fischer, mai amfilifayar Trainwreck, wanda ya mutu a 2006. Shi ko lamba ba ya ba su, kowacce sunan mace yake raɗa mata. Irin waɗannan kayan na ƙirar hannu su ake kira 'yan butik, kamar dai shagon tufafin nan da ba kowa ke iya leƙawa ba.

Mu da muka zauna a ɗakin gwaje-gwajen foli muka shaƙi hayaƙin dalma, abin da ya fara zo mana shi ne mu tambayi kayan ciki. Yawancin waɗannan amfilifayoyi da bawul suke aiki, wato 'yan kwalaben gilashin nan masu kama da ƙwan fitila da ke cikin tsofaffin rediyoyi kafin zuwan tiransista. Duniya ta daɗe da barin bawul a kusan komai, makaɗan jita ne suka ƙi saki, kuma suna da hujja. Idan ka taɓa tsirkiya a hankali, sautin ya fito garau. Idan ka ɗan matsa mata, bawul ɗin ya cika ya fara tumbatsa, sai muryar ta dishe, irin dishewar nan mai daɗi ta mawaƙin da ya kwana yana waƙa. Tsakanin garau da dishewa babu katanga, yatsan makaɗi ne ke kai ta ya komo da ita. Wannan amsawar suke biya, kuma gaskiya ce, ba camfi ba.

Sai dai ban da bawul, me ya rage? Taransifoma biyu ko uku, kafasito, rezisto, waya, sifika da katako. Ko an zaɓi mafi tsada a kowanne, kuɗinsu ba zai kusanci kashi ɗaya cikin goma na dala 100,000 ba. Tsarin haɗin ma ba wani asiri ba ne. Amfilifayar farko da Jim Marshall ya fitar a Landan a 1962, JTM45, kusan kwafin Fender Bassman ce ta Amurka, aka canza wasu kaya saboda abin da ke samuwa a Ingila. Shi kansa Dumble da gyara da sauya amfilifayoyin Fender ya fara. Danƙon da ya zuba kuwa bai hana komai ba, masu naci sun kankare sun zana abin da ke ƙasa. Yau kamfanoni irin su Two-Rock da Fuchs a Amurka, da Ceriatone a Maleshiya, suna sayar da masu bin wannan tsari a kan 'yan dubban daloli, wasu ma ƙasa da haka.

Abin da ba a iya kankarewa shi ne kunnen mutumin. Dumble yakan saurari yadda makaɗi yake kaɗawa, nauyin hannunsa, irin jitarsa, sannan ya dinga sauya ƙananan kaya har sai akwatin ya dace da shi. Shi ya sa ake cewa da wuya ka sami biyu masu murya ɗaya. Aikin tela ne sak. Ya gwada kafaɗarka, ya gwada tsawon hannunka, ya ɗinka maka riga, daga baya in ta matse ka komo ya buɗa. Wanda ya biya Dumble yana raye, ya zauna gabansa aka auna shi, mu dai ba mu ga laifinsa ba ko nawa ya biya. Amma wanda ya sayi ta hannu a yau, telan ya mutu, rigar kuma da awon wani aka ɗinka ta. Ya biya kuɗin awo, awon kuma ba nasa ba ne.

Masu kare farashin suna da amsa, kuma ba za mu ɓoye ta ba. Kundin Stevie Ray Vaughan na farko, Texas Flood, wanda ya fito a 1983, a ɗakin naɗar sauti na Jackson Browne aka naɗe shi, kuma a ciki ya yi amfani da Dumble ɗin Browne. Ga rigar aro ta yi wa mutum cas. Haka ne. Sai dai duk wanda ya saurari Vaughan yana kaɗawa ta cikin tsofaffin Fender ɗinsa zai gane shi tun a bugun farko. Akwatin ya yi kyau, ba musu, amma mutumin ya zo da muryarsa tun daga gida.

Tarihin jita cike yake da irin wannan. Eric Clapton ya naɗi kundin Layla a 1970 da 'yar ƙaramar Fender Champ, wadda tun asali don masu koyo aka yi ta. John Deacon na ƙungiyar Queen ya tsinci wani allon lantarki a cikin shara a Landan, ya haɗa shi da akwatin sifika da batir, Brian May ya shafe shekaru yana sa ta a waƙoƙin da suka zaga duniya. Ba sai mun tsaya can nesa ba ma. Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma waƙoƙinsa daga waya zuwa waya suka fara yaɗuwa, ta sifikar salula wadda ba ta kai girman ƙwandala ba. A haka aka ji shi, a haka aka neme shi har Amurka da Turai. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Kada a ce mun yi wa 'yan butik kuɗin goro. Tsakanin Dumble da amfilifayar kasuwa akwai masu ƙirar hannu da ke raye, irin su Matchless da ta fara a 1989, waɗanda kayansu ke kaiwa dala dubu biyu zuwa huɗu ko biyar. Ga makaɗin da jita ce abincinsa, wannan kuɗi yana da ma'ana. Araha ba ta ado. An haɗa kowace waya da hannu, mai gyara zai buɗe ya ga komai a fili, ya cire abin da ya ƙone ya sa wani, akwatin ya yi shekara 30 yana aiki. Ko nan ma sai mutum ya duba inda yake zaune. Wadda aka yi don kasuwar Amurka wutar bolt 120 take ci, tamu kuwa 230 ce, ga hawa da sauka, ga janareto, ga zafi da ƙura. Bawul kuma yana mutuwa kamar ƙwan fitila, masana'antun da suka rage suna yin sa 'yan kaɗan ne, a Rasha da Sulobakiya da Sin. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, su kansu makaɗan Amurka sai da suka shiga neman sa ido rufe. Ina ga wanda ke Kano ko Damagaram?

Sannan ga kwamfuta ta shigo. Tun 2011 wani kamfanin Jamus, Kemper, ya fitar da na'urar da ke tura sautukan gwaji ta cikin kowace amfilifaya, ta saurari yadda take amsawa, ta adana halinta. Yanzu har manhajar kyauta akwai mai yin irin wannan aiki. Makaɗa da yawa sun rantse cewa a ƙarƙashin yatsa akwai bambanci, kuma mun yarda da su, don su ke taɓawa. Amma mai sauraro da ke tsaye a bayan fili, ko mai jin waƙar ta wayarsa, ba ma jin zai iya rarrabewa. Ƙungiyar Metallica, da ba ta rasa kuɗin sayen kowace amfilifaya a duniya ba, ta daɗe da komawa irin waɗannan na'urori a wasanninta na fili.

To su wa ke biyan dala 100,000 ɗin? Akwai makaɗa masu hali, amma akwai kuma masu tara kayan tarihi, kuma su lissafinsu daidai yake. Guda 300 ne, mai yi ya mutu, ba za a ƙara ko ɗaya ba, masu nema kuwa ƙaruwa suke yi. Kamar mai sayen fili ne a unguwar da ta cika. Abin da ke damunmu shi ne, kowace dala da ta hau kan farashin tana ƙara nisanta akwatin daga dandali. Wa zai ɗora kayan naira miliyan 100 a bayan mota, ya bi da shi gari-gari, ma'aikata suna jifa da shi, wani ya ajiye kofin lemo a kai? Sai a bar shi a ɗaki mai sanyi, a yi masa inshora, a kunna shi in baƙo ya zo, a fita wasa da kwafinsa.