Allurar da Babu Magani a Cikinta

Mu malamai mun san ciwon kafaɗa. Shekara 20 muna rubutu a allo, har naman kafaɗarmu ya ɗaure ya yi ƙulli, ɗaga hannu ya fara gagararmu. A asibiti, likitan gashin ƙashi ya soka siririyar allura cikin ƙullin, babu ruwan magani ko ɗigo. Naman ya motsa, sannan ya saki. Kwana 2 wurin yana tsami, muka koma aji.

Tun 1979 wani likitan Chekoslobakiya, Karel Lewit, ya nuna cewa sukar kanta tana rage zafi. Amma ɗalibai, kada ku gwada wa juna da allurar ɗinki. Idan ta zarce tana iya huda huhu. Aikin wanda ya koya ne, da sabuwar allura.