Abin Da Majigi Bai Nuna Ba

A wata unguwa ta Potiskum akwai wani direban babbar mota wanda ya yi hatsari a hanyar Damaturu, lakarsa ta taɓu, daga wuya har ƙafa ba abin da ke motsi. Shekararsa shida ke nan a kwance. Mahaifiyarsa ce ke juya shi dare da rana, don kada gyambon kwanciya ya kama shi.

Ran nan ƙanensa ya jingina masa waya da matashin kai, suka kalli Guzaarish, fim ɗin Indiya na 2010, yana yi musu fassara. A ciki Hrithik Roshan ya fito mai rufa-ido wanda ya shekara 14 a shanye, ya roƙi kotu ta yarda a ɗauke masa rai, kotu ta ƙi. Ba shi ne farau ba. A 2004 an yi Mar Adentro a ƙasar Sifen, a kan Ramon Sampedro, wanda ya karye a wuya a 1968, ya yi ta shari'a bai dace ba, har aka taimaka masa ya sha guba a 1998.

Da fim ya ƙare, ɗaki ya yi tsit. Tsohuwa ta miƙe za ta fita, don tsoron abin da ɗanta zai ce. Sai ya ce, "Inna, dawo ki zauna. Shi wannan ga katafaren gida, ga mai jinya, ga shirinsa na rediyo, amma mutuwa yake nema. Ni dai a kai ni masallacin Juma'a."

To, jama'a, a nan gizo ke saƙar. Musulunci ya haramta mutum ya kashe kansa ko a taya shi, dokar Nijeriya ma ta hana. Amma wanda ya hana mara lafiya mutuwa, wajibi ne ya taimake shi rayuwa. A Janairun 2019 aka sa hannu a dokar kare haƙƙin naƙasassu, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su yi hanyar keken guragu. Wa'adi ya cika a 2024. Mai karatu ya zaga garinsu ya ƙirga matakalai.

Ran Juma'a direbobi huɗu suka zo daga tasha da keken aro, suka cicciɓe shi har sahu. A ranar ce tsohuwa ta sami barcin rana, karo na farko cikin shekara shida.